Haƙƙin Mallaka da Haɗarin Sauke Finafinai ta Intanet

Abin lura na farko shi ne, mai sauke fim ta hanyar BitTorrent ba karɓa kaɗai yake yi ba. Yayin da fim yake shigowa kwamfutarsa gutsure-gutsure, ita kuma tana miƙa wa waɗansu abin da ta samu. Wato ke nan, a idon shari'a ya zama mai rarraba kayan da ba nasa ba. Bugu da ƙari, lambar da yake shiga intanet da ita a bayyane take ga mai bin sawu. Da irin waɗannan lambobi ne kamfanin da ya shirya fim ɗin The Hurt Locker ya kai ƙarar mutum 5,000 a Amurka cikin 2010, yana neman diyya.