Baƙin Allo da Kwamfutocin Tasawa da Mayahi

Daga Maraɗi zuwa Tasawa tafiyar kusan kilomita 120 ce a kan babbar hanyar Damagaram. Mayahi kuwa tana can arewa, a bakin Gulbin Kaba. Idan kwamfutar wani ofishi ta ƙi aiki a garuruwan nan, abin da aka saba shi ne a kira ƙwararre daga Maraɗi, a jira ya samu mota, a biya masa kuɗin hanya, wani lokaci saboda gyaran da bai wuce minti goma ba. Alhali aikin ba ya jira. Gundumomin lafiya, alal misali, ta manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta samar suke aika rahoton wata-wata: yawan masu zazzaɓin cizon sauro, yaran da tamowa ta kama, alluran rigakafi.

Ana iya yin gyaran daga nesa, kuma hanyoyin iri biyu ne. Ta farko ita ce a jawo hoton allon waccan na'ura zuwa taka, kana ganin komai kana motsa linzami, kamar yadda RDP na Microsoft ko AnyDesk suke yi. Ta biyu ita ce baƙin allon nan da mutane da yawa ke tsoro, inda ake rubuta umarni na'ura ta amsa da rubutu. A wurinmu, ta biyun ce ta dace da halin da muke ciki, kuma lissafi ne ya nuna haka. Harafi ɗaya bayit ɗaya ne. Hoton allon ƙaramar kwamfuta kuwa, kafin a matse shi, ya kai bayit miliyan 3. Ko an matse, kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki idan rezo ya yi rauni: allo ya daskare, mega ta ƙare, aiki bai yiwu ba.

Ƙofar wannan hanya ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya rubuta a 1995 a Finlan bayan an yi satar kalmomin sirri a jami'arsu ta fasaha ta Helsinki. Tana rufe duk abin da ke wucewa tsakanin na'urori biyu, kuma tun 2018 Windows 10 take zuwa da ita. Ma'aikaci a Maraɗi ya shiga sabar da ke Mayahi, ya rubuta df -h, nan take ya ga ma'ajiya ta cika. Ya share tsofaffin fayiloli, ya sake tada manhajar. Duk wannan bai ci megar da hoto ɗaya na WhatsApp zai ci ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar tmux. Kana cikin kwafe bayanan wata guda sai rezo ya ɗauke. Da a ce kai tsaye kake aiki, mai yiwuwa komai ya tsaya a rabi. Amma idan a cikin tmux ka fara, aikin yana can yana ci gaba a waccan na'ura. Rezo na dawowa ka rubuta tmux attach, ka tarar da shi inda ya kai. Sai dai wannan dabara ba ta maganin ɗaukewar kuran. Wutar yankin nan ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Sabar da ba ta da batir ko fanon rana, ba umarnin da zai tashe ta.

Masu amfani da RDP ma baƙin allon yana yi musu rana. Mutane da dama suna rufe taga su tafi gida, suna zaton sun fita, alhali zamansu yana nan a buɗe, yana riƙe da fayiloli yana cin ƙarfin na'ura. Umarnin query session yana jero duk wanda ke ciki da lambarsa, da wanda ke aiki da wanda ya katse. Daga nan logoff da lambar ya fitar da shi. Amma a yi hattara: duk abin da mutumin bai adana ba ya tafi ke nan. Mai kula na kirki sai ya fara aika saƙo da msg, ko ya buga waya: "Malama, kin adana aikinki? Zan rufe."

Akwai wata al'ada da ke tayar mini da hankali, wato barin ƙofar RDP mai lamba 3389 a buɗe ga duk duniya, da tura kalmar sirri ta WhatsApp. A Mayun 2019 Microsoft ta toshe wata ɓaraka da aka kira BlueKeep, wadda ta ba ɓarayi damar shiga tsofaffin Windows ta wannan ƙofa ba tare da kalmar sirri ba, kuma irin waɗannan tsofaffin na'urori ba su ƙare a ofisoshinmu ba. Gara a bi da RDP ta cikin SSH, a yi amfani da mabuɗin sirri na kowane ma'aikaci, a soke shi ran da aka sauya masa wurin aiki.

Zuwan Starlink Nijar a 2025 zai sauƙaƙa wa ofisoshin da suka iya saye, amma ƙananan gidajen likita na karkarar Mayahi za su daɗe suna dogara da rezon salula. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da suka fito daga waɗannan gundumomi su ne ya kamata a fara horarwa, a ɗauke su aiki a gida. Umarni goma sha biyar zuwa ashirin sun isa mutum ɗaya da ke zaune a Tasawa ya kula da na'urorin gunduma guda, ya rage tafiya sai ran da waya ta ƙone ko batir ya mutu.