Muhawara kan hukuncin alƙalan tseren Formula One

Muhawara kan hukuncin alƙalan tseren Formula One ita ce taƙaddamar da ke tasowa tsakanin magoya baya, direbobi da ƙungiyoyi duk lokacin da alƙalai suka hukunta wani direba, ko kuma suka ƙyale shi. Formula One ita ce gasar tseren motoci mafi girma a duniya. An fara ta a shekarar 1950, kuma hukumar FIA mai hedikwata a birnin Paris ce ke tsara dokokinta. Da yake 'yan daƙiƙoƙi ne kan raba na ɗaya da na biyu, hukunci guda na iya sauya wanda ya ci tsere, wani lokaci har wanda zai zama zakaran duniya. A Najeriya ana kallon gasar a tashar SuperSport, kuma duk wanda ya saba da musun da ake tafkawa a gidan kallon ƙwallo kan bugun fenariti ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Alƙalan tsere

A kowane tsere ana naɗa kwamitin alƙalai, galibi mutum huɗu. FIA ce ke zaɓen uku, ƙasar da ke karɓar baƙunci kuma ta ba da ɗaya. Tun shekarar 2010 ake sa tsohon direban tsere a cikinsu, kuma Alain Prost ne ya fara wannan aiki a tseren Bahrain na shekarar. Alƙalan ba ma'aikata ne masu albashi ba, sannan ana canza su daga wannan tsere zuwa wancan.

'Yan kallo da yawa na haɗa alƙalai da daraktan tsere, alhali aikinsu ya bambanta. Darakta shi ke tafiyar da tseren: shi ke umartar a ɗaga tuta, a fito da motar kariya idan an yi haɗari, ko a dakatar da gudu. Idan ya ga abin da yake zargin laifi ne sai ya miƙa wa alƙalai, su kuma su duba hotunan bidiyo da bayanan da na'urorin motar suka naɗa kafin su yanke hukunci.

Ire-iren hukunci

Mafi sauƙi shi ne gargaɗi a rubuce. Sai ƙarin daƙiƙa 5 ko 10, wanda direba ke biya idan ya shiga gareji canza taya, in kuma bai sake shiga ba a ƙara masa a kan lokacinsa na ƙarshe. Akwai umarnin ratsa layin gareji a hankali, da wanda ya fi shi tsanani na tsayawa daƙiƙa 10 ba tare da an taɓa motar ba. Ana iya mayar da direba baya a jerin tashi na tsere mai zuwa, ko a soke sakamakonsa baki ɗaya. Daga 2014 aka ƙara makin laifi a kan lasisi: wanda ya tara 12 cikin wata 12 ba zai shiga tsere ɗaya ba. Kevin Magnussen ne na farko da wannan doka ta hau kansa, bai yi tseren Azarbaijan na 2024 ba.

Ba a ɗaukaka ƙara kan hukuncin daƙiƙoƙi da aka yanke ana cikin gudu. Abin da ƙungiya ke iya yi shi ne neman a sake dubawa, da sharaɗin ta kawo sabuwar hujja mai ƙarfi wadda ba ta gaban alƙalai tun farko. Ba kasafai ake dacewa ba, amma a Jidda a 2023 an ƙwace matsayi na uku daga Fernando Alonso bayan ya karɓi kofi, sannan aka mayar masa cikin 'yan sa'o'i.

Hukunce-hukuncen da suka jawo ce-ce-ku-ce

A Suzuka ta Japan a 1989, Ayrton Senna da Prost, dukansu na ƙungiyar McLaren, sun yi karo. Senna ya ci gaba har ya zo na ɗaya, amma aka soke nasararsa saboda ya yanke kwana wajen komawa kan hanya, Prost kuma ya zama zakara. Magoya bayan Senna sun daɗe suna zargin shugaban hukumar na lokacin, Jean-Marie Balestre, da fifita ɗan ƙasarsu Faransa. A Beljiyam a 2008 an ƙara wa Lewis Hamilton daƙiƙa 25 bayan an gama tsere, ya faɗo daga na ɗaya zuwa na uku.

A tseren Kanada na 2019, Sebastian Vettel na Ferrari yana kan gaba sai ya kauce cikin ciyawa, da ya dawo kan kwalta ya matse Hamilton kusa da bango. An ƙara masa daƙiƙa 5, ya riga kowa tsallake layi amma Hamilton aka ba nasara. Cikin fushi Vettel ya ɗauke allon lamba 1 daga gaban motar Hamilton ya ajiye na lamba 2. Mako uku bayan haka, a Ostiriya, Max Verstappen ya gogi motar Charles Leclerc wajen wuce shi har ya fita daga hanya, kuma ba a hukunta shi ba. Lamuran biyu ba iri ɗaya ba ne a idon doka, sai dai kusancinsu ya sa har yau ana kafa hujja da su.

Shekarar 2021

Babu kakar da ta raba kan magoya baya kamar wannan. A Silverstone ta Ingila, Hamilton da Verstappen sun yi karo a zagayen farko, motar Verstappen ta daki shinge da ƙarfi har aka kai shi asibiti domin a duba shi. Alƙalai suka ce galibin laifin na Hamilton ne, suka ba shi daƙiƙa 10, amma duk da haka ya ci tseren. Masoyan Red Bull suka ce wane irin hukunci ne wannan da mai laifi zai tafi da kofi, wanda aka buge yana asibiti? Amsar hukumar ita ce alƙalai na duba abin da direba ya aikata ne, ba ɓarnar da ta biyo baya ba.

Su biyun sun isa tseren ƙarshe a Abu Dhabi, ranar 12 ga Disamba, kowanne da maki 369.5. Hamilton na kan gaba yana neman kambinsa na takwas lokacin da Nicholas Latifi ya yi haɗari saura zagaye kaɗan, aka fito da motar kariya. Verstappen ya shiga ya sa sabbin tayoyi, Hamilton bai shiga ba. Darakta Michael Masi ya bar motoci biyar kawai da ke tsakaninsu su wuce, ba dukan waɗanda aka yi wa zagaye ba, sannan ya janye motar kariya ba tare da jiran ƙarin zagayen da doka ta tanada ba. A zagayen ƙarshe Verstappen ya wuce ya zama zakara.

Mercedes ta shigar da ƙorafi biyu, alƙalai suka yi watsi da su, suna cewa doka ta ba darakta iko a kan motar kariya. Wani ɓangare na gardamar ya tsaya ne a kan kalma ɗaya ta Ingilishi: dokar ta yi amfani da "any", Red Bull ta ce wannan ba ya nufin "all", wato duka. A 2022 an sauya kalmar zuwa "all". An cire Masi daga muƙaminsa a Fabrairun shekarar, kuma rahoton FIA na watan Maris ya amince an yi kuskure irin na ɗan Adam, amma sakamakon ya tsaya. Latifi da Masi duk sun ce an yi musu barazanar kisa ta intanet, shi ma Hamilton an yi masa zagin wariyar launin fata bayan tseren Silverstone.

Abubuwan da ake musu a kai

Babban ƙorafi shi ne rashin daidaito, wato laifi iri ɗaya ya samu hukunci biyu. Direbobi irin su George Russell sun nemi a naɗa alƙalai na dindindin masu albashi. Masu adawa da haka na cewa idan alƙali na dindindin ya ƙi jinin wani direba, to direban ya shiga uku har ƙarshen kaka. Akwai kuma jinkiri: a Ostiriya a 2023 sai da aka duba lamura sama da 1,200 na fita daga layin hanya, aka sauya sakamako sa'o'i bayan 'yan kallo sun watse.

Zargin son kai ma bai gushe ba. Alonso da Verstappen duk sun taɓa nuna cewa ƙasar da direba ya fito na da tasiri, kodayake kowane ɓangare lamuran da suka cuce shi kaɗai yake ƙirgawa. A Oktoban 2024 an ba Lando Norris daƙiƙa 5 a Austin ta Amurka, mako guda bayan haka aka ba Verstappen daƙiƙa 10 sau biyu a Meziko. Ɗaya daga cikin alƙalan Meziko, Johnny Herbert, ya soki tuƙin Verstappen a kafafen yaɗa labarai, kuma a Janairun 2025 FIA ta raba gari da shi, tana cewa alƙalanci da sharhi a jarida ba sa haɗuwa.

A watan Yunin 2025 hukumar ta wallafa ƙa'idojin tuƙi da jadawalin hukunci da alƙalai ke amfani da su domin kowa ya gani. Daga cikinsu akwai cewa mai son wucewa ta cikin kwana sai tayoyinsa na gaba sun kai aƙalla daidai madubin ɗayar motar kafin ya cancanci a ba shi wuri. Wasu direbobi sun koka cewa wannan ya mayar da tsere rige-rigen isa tsakiyar kwana, ko da direba ba zai iya riƙe motarsa a kan hanya ba bayan nan.