Ciwon Ƙashi ga Masu Wankin Ƙoda

Sau da yawa mai wankin ƙoda kan yi kukan ciwon ƙashi da ƙaiƙayi, mu kuwa a gida sai mu ɗauka gajiya ce kawai. Alhali asalin abin a wuya yake. A bayan naman nan da kan kumbura ya zama maƙoƙo akwai wasu ƴan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda likitoci ke kira paratiroyid. Idan ƙoda ta gaza, sinadarin fosfor yakan taru a jini, kalsiyom ya ragu. Sai ƙwayoyin nan su yi ta zubo sinadarinsu mai suna PTH, shi kuma ya riƙa kwasar kalsiyom daga ƙashi, har ɗan tuntuɓe ya jawo karaya.

Na'urar wanki ba ta iya fitar da fosfor duka, saboda haka aikin uwargida babba ne: a rage wa majinyaci nono, cuku, abincin gwangwani da baƙin lemon kwalba, gwargwadon umarnin likita. Ƙwayar da ke kama fosfor kuwa tare da abinci ake haɗiyarta, domin a cikin hanji take aikinta. Nan ne muka fi sakaci.

Likita kan ƙara da bitamin D na musamman, ko sinakalset, wanda Amurka ta amince da shi a 2004. In duk sun kasa, sai tiyata. Awon PTH kuma kada ya wuce wata 3 zuwa 6.