Daga Teku zuwa Teku bisa Keke

A kudancin ƙasar Faransa akwai wata hanya wadda masu keke suke bi daga bakin tekun Atlantika har bakin Bahar Rum. Tana tashi daga garin Royan, ta ratsa Bordo da Tuluz da Karkason, ta ƙare a garin Sète. Tsawonta wajen kilomita 750 ne, watau ya ɗara nisan Yamai zuwa Maraɗi, amma bai kai na Yamai zuwa Damagaram ba. Kowace shekara maza da mata, tsofaffi da ƴan lakwal, suna ɗaura kayansu bayan keke su kama wannan hanya. Waɗansu su isa lafiya. Waɗansu kuwa su yanke tafiyar a tsakiya, su koma gida cikin jirgin ƙasa. Galibi shirin da aka yi tun daga gida shi ke raba su, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Asalin hanyar

Can da, kayan da za a kai daga Bordo zuwa Bahar Rum ta ruwa sai sun kewaye ƙasar Sifen duka, sun bi ta mashigin Jibralta, ga nisa, ga ƴan fashin teku. A zamanin sarki Luwi na 14, wani mutumin Béziers mai tara harajin gishiri, sunansa Pierre-Paul Riquet, ya kawo shawarar a haƙa kanal, watau kogin da hannu ya gina, daga Tuluz zuwa teku. Aka ba shi izini a 1666. Ma'aikata wajen 12.000 suka yi aikin da diga da shebur da kwando. Riquet ya rasu a 1680, watanni kaɗan kafin a buɗe kanal ɗin a 1681. Shi ne Canal du Midi, mai tsawon kilomita 240. A 1856 aka gama na biyu, mai kilomita 193, wanda ya bi gefen kogin Garon daga Tuluz ya nufi wajen Bordo.

Jiragen wancan zamani dawaki ke jan su da igiya, saboda haka aka bar turba a gefen ruwa. Jirgin ƙasa da kamiyo sun ƙwace sufurin kaya, dawaki sun tafi, turbar ta zama ta masu keke. Tun da ruwa ba ya hawan tudu, turbar ma shimfiɗaɗɗiya ce. Wuri mafi tsayi a kanta shi ne Naurouze, mita 189 bisa teku, inda ruwan da ake kawowa daga duwatsun Montagne Noire yake rabuwa biyu, wani ya yi yamma, wani ya yi gabas. Hukumar UNESCO ta sa Canal du Midi cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Lissafin zango

Aikin farko na mai shiri shi ne ya zauna da taswira da alƙalami. Wanda ya saba da keke yana iya yin kilomita 60 a yini da kaya bayansa. Idan aka raba 750 da 60, an sami kwana 13. A ƙara kwana biyu na hutu, ya zama 15. Mai tafiya da yara ko tsofaffi ya sauko zuwa kilomita 40, ya zaɓi yanki guda na hanyar ya bar saura sai baɗi. In ayari ne, ƙarfin wanda ya fi kowa rauni shi ake aunawa da shi, kamar yadda madugu yake duban raƙumin baya kafin ya yanka zango.

Hanyar ta kasu uku. Kashi na farko, daga Royan zuwa Bordo, yana bin bakin Jirond, inda kogi ya buɗe ya shiga teku. Akwai ƴan tuddai a nan, kuma a garin Blaye sai an shiga jirgin fito a ƙetare zuwa Lamarque. Lokutan jirgin suna sakewa bisa ga wata da cikar teku, don haka a tambaya tun da wuri.

Kashi na biyu, daga Bordo zuwa Tuluz, wajen kilomita 270 ne, shi ne kuma mafi sauƙi. Da fita Bordo ana hawa tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka shafe da kwalta, aka ba ta sunan Roger Lapébie, wanda ya ci tseren kewaya Faransa a 1937. Daga Sauveterre akwai hawa da gangara har La Réole, sa'an nan a faɗa gefen kanal. A Agen kanal ɗin da kansa yake ƙetare kogin Garon bisa gada mai baka 23, tsawonta ya haura mita 500.

Kashi na uku, daga Tuluz zuwa Sète, shi ya fi suna, shi kuma ya fi wuya. Kwalta tana raka matafiyi har kusa da Naurouze. Bayan nan akwai wurare da turbar ƙasa ce, ga saiwoyin itace, in an yi ruwa kuma ga taɓo. Mai hankali yakan rage tsawon zangonsa a wannan yanki. Ribar haka ita ce ya sami sukunin ganin ganuwar Karkason, da ƙofofin ruwa na Fonseranes a Béziers, inda jirgi yake hawa daki-daki kamar mai taka tsani. Ƙofofin ruwa 63 ne a Canal du Midi. Jikin gidan mai tsaron kowace ƙofa akwai allo da ke nuna nisan ƙofa ta gaba da ta baya, matafiyi yana iya auna tafiyarsa da shi.

Wane wata, wace fuska

Mafi yawan mutane daga yamma suke tashi su nufi gabas, domin iskar da ta fi yawa a wannan ƙasa daga yamma take busowa, tana tura mai keke daga baya. Amma akwai wata iska mai suna otan da ke tasowa daga kudu maso gabas, ta fi ƙarfi tsakanin Tuluz da Castelnaudary, tana iya yin kwana biyu ko uku ba ta kwanta ba. Ranar da ta tashi, zangon awa huɗu yakan koma na awa shida. Kwanakin hutun nan biyu da aka ajiye, a irin wannan rana suke amfani.

Watannin da suka fi dacewa su ne Mayu da Yuni da Satumba. Yuli da Agusta lokacin babban hutu ne: masauki ya cika, kuɗinsa ya hau, rana kuma ta yi tsanani. Kada wanda ya girma cikin zafin bazara ya raina ranar Turai. A ranar 28 ga Yuni 2019 an auna digiri 46 a jihar Hérault, jihar da Sète take ciki. Zafin watan Agusta na 2003 kuwa ya kashe mutane wajen 15.000 a Faransa. Ƙarshen kaka ma yana da nasa haɗari. A tsakiyar Oktoba 2018 ruwan dare ɗaya ya cika kogin Aude, ya kashe mutane fiye da 10 a kewayen Karkason, ya ɓata wani yanki na kanal.

Akwai kuma maganar inuwa. An san Canal du Midi da manyan itatuwan platan, wajen 42.000, da suka yi masa rumfa. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu wadda ba ta da magani, sai sara da ƙonewa. Fiye da rabinsu sun tafi. Hukumar hanyoyin ruwa ta Faransa tana dasa waɗansu iri, amma itace ba ya girma a shekara guda. Tsofaffin hotuna suna nuna inuwa a wuraren da yau fili ne fetal. Don haka a yi sammako, a sauka kafin rana ta take, a ɗauki ruwa lita biyu ko uku. Ruwan kanal ba na sha ba ne. Cutar tana shiga ta rauni a jikin itace, saboda haka kada a kafa ƙusa, kada a zana suna da wuƙa.

Keke da kaya

Keken tsere mai siririyar taya bai dace da turbar ƙasa ba. Ana son mai ƙwari, mai taya da ɗan faɗi, da giya, da kariya a baya. Sati biyu kafin tashi a kai shi wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da tayoyi. Sirdi kuwa a saba da shi tun a gida. Sabon sirdi a ranar tafiya, kwana uku ya isa ya hana mutum zama.

Kaya a raba su cikin jaka biyu, dama da hagu, kamar mangala bisa jaki, nauyi daidai, masu nauyi a ƙasa. Jakar goyo tana gajiyar da kafaɗa. Abin da ba a bari: famfon iska, robar cikin taya guda biyu, faci da gam, ƴan maɓuɗan gyara, kwaɗon ɗaure keke, rigar ruwa, man kare fata daga rana, da magungunan da mutum ya saba sha. Tufafi kala biyu sun isa, ana wanke ɗaya da dare. Kafin ranar tashi a yi gwaji: a ɗaura kayan duka a yi kilomita 50, washegari a sake. Abin da gwajin ya nuna bai da amfani, a bar shi gida.

Masauki da guzuri

Akwai otel, akwai gidajen da ke karɓar baƙi, akwai filayen kafa tanti. Wuraren da suka ɗauki alamar Accueil Vélo ba su wuce kilomita 5 daga hanya ba, suna da ɗakin ajiye keke da kayan gyara. A lokacin hutu a kama wuri tun makonni kafin zuwa. A ƙananan garuruwa kantuna da yawa suna rufewa da tsakar rana da kuma yammacin Lahadi, saboda haka a sayi burodi da guzuri da safe. Agen ta yi suna da busassun ƴaƴan itacen da ake kira pruno, masu kyau ga matafiyi. Castelnaudary ta yi suna da dafaffen wake mai suna kasule. Galibi da naman alade ake yin sa, wanda ba ya ci ya tambaya kafin a zuba masa.

Doka da komawa

Dokar Faransa ta wajabta wa keke birki biyu da ƙararrawa, da fitila gaba da baya in dare ya yi. Bayan gari, da dare ko cikin hazo, dole a sa riga mai ƙyalli. Tun 2017 yaron da bai kai shekara 12 ba dole ya sa hular kwano, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi. A bisa turba mai tafiya ƙasa shi ke da gaba. Lambar neman agaji ita ce 112.

Abu na ƙarshe da mutane suke mantawa shi ne komawa. Wanda ya isa Sète yana nesa da inda ya fito da kilomita ɗaruruwa, ga keke a hannu. Hanyar jirgin ƙasa ta Bordo zuwa Sète, wadda aka gama a 1857, tana bin kwari ɗaya da kanal, da tasha a Agen, Moissac, Tuluz, Castelnaudary, Karkason, Béziers da Agde. Jiragen yanki suna ɗaukar keke, amma gurbi kaɗan ne, wani lokaci sai an kama shi tun da wuri. Jirage masu gudu kuwa, ko dai a biya wa keke wuri, ko a kwance shi a sa cikin jaka. Mai shiri yakan rubuta sunan tasha mafi kusa a gaban kowane zango, domin ranar da gwiwa ta ƙi ko keke ya lalace. Ya bar kofe ɗaya na takardar wurin iyalinsa, tare da ranar da za su sa ido ga dawowarsa.