Ghana: Abin da ya kamata ɗan Zango ya sani kafin ya sayi bindigarsa ta farko

A Nima da Maamobi da sauran unguwannin Zango na birnin Accra, akwai mutanen da ke da halastaccen dalilin neman bindiga. Wani yana da gona a ƙauye da dabbobin daji ke yi wa ɓarna, wani ɗan gidan maharba ne da ke son ya gaji kakanninsa, wani kuma wasan harbi kawai yake sha'awa. Tambayar da sabon shiga ya fi yi ita ce wace iri ce ta fi ƙarfi. Amma a Ghana akwai abubuwa uku da ke gaban wannan tambaya: aikin da za a yi da bindigar, takardar izini, da wurin da za a ajiye ta.

Me doka ta ce?

Babbar dokar da ake aiki da ita ita ce dokar makamai da harsasai ta 1972, wadda aka fi sani da NRCD 9, tare da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya. A ƙarƙashinta, dole ne a yi wa kowace bindiga rajista a wurin 'yan sanda, kuma mai ita ya riƙe lasisi. Mai nema sai ya kai shekara 18, ya kasance mai lafiyar jiki da cikakken hankali, kuma 'yan sanda su bincika su tabbatar ba shi da tarihin aikata laifi. Ana sabunta lasisin kowace shekara, kuma wanda ya bari nasa ya mutu ya shiga sahun masu riƙe makami ba bisa ƙa'ida ba.

Lasisin na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lambarta. Wannan ne inda mutane da dama ke faɗawa cikin matsala, domin bindigar da uba ya rasu ya bari ba ta zama halaliyar ɗa a idon hukuma har sai an je an sauya suna a rajista. Haka ma wadda aka saya a hannun aboki ko aka karɓa aro. Bindigogin yaƙi irin su AK-47 da G3 kuwa ba a ba farar hula izininsu sam. Sashe na 192 na dokar manyan laifuffuka ta 1960 ya sanya mallakar bindiga ko harsashi ba da izini ba cikin laifuffuka masu daraja ta ɗaya, waɗanda ke kai mutum gidan yari na dogon lokaci.

Dokar ta 1972 ta kuma hana nuna bindiga ko harba ta a bainar jama'a ba tare da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ba. Wato lasisi bai ba mutum damar harbi sama ranar Sallah, ko wurin ɗaurin aure, ko bikin naɗin sarauta ba. Duk harsashin da ya tashi sama sai ya sauko, kuma a unguwa mai cunkoso kamar Nima, a kan rufin wani ko kan ɗan wani zai sauka.

Iri uku, aiki uku

Bindigogin da sabon shiga zai ji ana ambata sun kasu uku.

Ta farko ita ce bindigar farauta mai watsa ƙananan dalma, wadda masu jin Faransanci ke kira da lambar bakinta, wato 12. Cikin bututunta sumul yake, faɗinsa kimanin milimita 18 da rabi, kuma aikinta na ƙwarai bai wuce nisan mita 35 zuwa 40 ba. Ita ce aka fi gani a hannun manoma da mafarauta masu lasisi a Ghana. Akwai mai baki ɗaya, da mai baki biyu, da wadda ake ja a tura mai cin harsashi da yawa.

Ta biyu ita ce raifil, wadda cikin bututunta ke da zane a murɗe domin harsashi ya tafi yana juyawa, ya yi nisa kuma ya tafi saiti. Nisan nan shi ne amfaninta, kuma shi ne haɗarinta. Ko ƙaramar cikinsu, mai harsashin milimita 5.6, idan aka kuskure abin da aka auna, harsashinta na iya wuce kilomita ɗaya da rabi. A gonar da ke da maƙwabta da makiyaya da yara masu ɗebo itace, wanda bai ƙware ba ba zai san inda harbinsa ya ƙare ba.

Ta uku ita ce bindigar iska mai ƙwayar dalma ta milimita 4.5. Da ita ake gasar harbi ta nisan mita 10 a wasannin Olamfik. Ba ta da ƙara sosai, ba ta naushin kafaɗa, kuma ƙwayarta ba ta da tsada, shi ya sa masu horar da 'yan wasa ke fara koyar da tsayuwa da numfashi da jan kunama da ita. Duk da haka tana iya tsiyaye ido ko ta yi kisa a kusa, don haka kafin a saya sai a je ofishin rajistar makamai na 'yan sanda a ji takardar da ake buƙata.

Ga mai son kare gona ko ƙaramar farauta, mai baki ɗaya da ake karyawa a tsakiya ita ce mafi dacewa da fari. Harsashi ɗaya take ci, kayan cikinta kaɗan ne, kuma da zarar an karya ta kowa na ganin ko akwai wani abu a ciki. Ga mai son koyon saiti kuwa, ta iska ta wadatar.

Abin dubawa a shago

A saya a wurin dillali mai izinin gwamnati, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin ƙarfen. Bindigar da aka goge lambarta ba ta rajistuwa, kuma ba a san abin da aka taɓa aikatawa da ita ba. Wadda maƙera ke ƙerawa a ɓoye ta fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado: ƙera ta laifi ne a Ghana, kuma ba a gwada bututunta da matsin albarushi ba, yana iya fashewa a hannun mai harbi.

Sai a gwada ta a kafaɗa. Idan gindin ya yi wa mutum tsawo ko gajarta, naushin zai yi zafi kuma saiti zai lalace. A kuma karanta abin da aka rubuta a jikin bututun. Mazaunin harsashi na wasu milimita 70 ne, na wasu 76, kuma sanya dogon harsashi a gajeren mazauni na ƙara matsi fiye da abin da aka ƙera ƙarfen ya ɗauka. Abin toshe kunne ma wajibi ne, domin jin da ƙarar bindiga ta kashe ba ya dawowa.

Ina za ta kwana?

Mafi yawan gidajen Nima da Maamobi gidajen haya ne na tarayya, iyalai da yawa a tsakar gida ɗaya, yara na shiga wannan ɗaki su fita wancan. Ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ba ma'aji ba ne. Ana buƙatar akwatin ƙarfe mai makulli, bindiga babu komai a cikinta, harsasai kuma a kulle a wani wuri daban. Mazauna unguwannin biyu ba su manta da rikicin gungun matasa na watan Janairun 2022 ba, lokacin da aka yi harbe-harbe da rana tsaka. Bindigar da aka sace daga ɗakin mutumin kirki irin waɗannan hannuwan take komawa, kuma sunan mai lasisi ne a rajista. Wanda ba shi da wurin ajiya mai tsaro, gara ya jinkirta sayen.

Mafarauci kuma yana buƙatar izinin farauta daban daga sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara an rufe farauta a Ghana domin dabbobi su hayayyafa, in ban da gyazbi, wanda shi ma sai da izini.

Lasisi ba ya tsallaka iyaka

Hausawan Zango mutane ne masu tafiya, daga Accra zuwa Lome, Kwatano, Yamai ko Kano. Lasisin Ghana yana ƙarewa ne a Aflao ko Paga. Kowace ƙasa da tata dokar. A Najeriya, alal misali, dokar bindigogi ta 1959 ta buƙaci izini har ga bindigar gargajiya ta adaka. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a 2006, ta taƙaita ketarawa da makamai tsakanin ƙasashe, kuma a Ghana akwai hukumar ƙasa mai kula da ƙananan makamai da aka kafa da doka a 2007.

Bayan doka akwai kuma zargin jama'a, wanda ya fi saurin faɗawa kan baƙo. A watan Maris na 2025, wasu gungun mutane sun kashe matafiya 16 a garin Uromi na jihar Edo a Najeriya. Mafarauta ne 'yan arewa da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal domin bikin Sallah, aka tare motarsu aka ga bindigogin farauta, aka zarge su da garkuwa da mutane. Kisan ya jawo Allah-wadai a faɗin ƙasar. Ga Bahaushen da ke zaune a cikin wasu al'ummomi, tafiya da bindiga ko a cikin Ghana na buƙatar lasisi a aljihu, bindiga a karye a cikin jakarta, da sanar da sarkin gari ko 'yan sandan yankin kafin a shiga daji.