Tsohon Kaset a Sabuwar Waya: Me Doka Ta Ce, Kuma Yaya Ake Yi?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau za mu koma baya ne, mu tono wata 'yar na'ura mai launin toka da ta cinye wa yara da manya batir ba adadi, wato Game Boy ta kamfanin Nintendo na ƙasar Japan. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wanda ya tsinci tsohon kaset ɗin gem a ƙasan akwati, zai iya buga shi a wayar da ke aljihunsa? Idan kuma zai iya, doka ta yarda? Ku gyara zama.

(KIƊA)

A watan Afrilun 1989 Game Boy ta fara fita kasuwa a Japan, aikin wata tawaga ƙarƙashin injiniya Gunpei Yokoi. Allonta ɗan mitsitsi ne, babu kala sai inuwa huɗu tsakanin haske da duhu, tana kuma cin batir huɗu. Amma duk da haka, ita da ƙanwarta Game Boy Color ta 1998 an sayar da fiye da miliyan 118. Game Boy Advance da ta biyo baya a 2001 ta haura miliyan 81. Kowace na'ura daga cikin waɗannan ta bar kasa-kasai a gidajen mutane, daga Tetris zuwa Pokémon. Na'urorin sun tsufa, allon wasu ya dushe, ruwan batir ya cinye cikin wasu. Kaset ɗin kuwa, mafi yawansu suna nan daram.

To, bari mu ɗauki kaset ɗaya mu duba shi da kyau. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba. A gindinsa akwai 'yan haƙora 32 masu ruwan zinariya, su ne ke haɗuwa da na'ura. A ciki akwai guntun ma'adana da ake kira ROM, inda aka rubuta wasan sau ɗaya, ba a gogewa. Wanda ya taɓa riƙe Game Boy zai tuna yadda sunan Nintendo ke gangarowa daga saman allo, sannan a ji wannan 'yar ƙara, "ting!" Wannan ba ado ba ne kawai. Sunan daga cikin kaset ɗin ake karanto shi, na'urar kuma ta gwada shi da wanda ke cikinta. Idan haƙoran sun yi datti, sunan ya fito a hargitse, wasa ba zai tashi ba. Shi ya sa yara ke zare kaset su hura masa iska su mayar. Girman wasan kansa abin dariya ne a yau: Tetris gaba ɗayansa kilobait 32 ne. Hoto ɗaya da kika ɗauka da wayarki a wajen biki, Hajiya, ya ninka shi sau da dama.

Waya ba ta da ramin da kaset zai shiga, kuma ƙwaƙwalwarta ba ta jin yaren Game Boy. Saboda haka ana bukatar abu biyu. Na farko, manhajar kwaikwayo, wadda masu harkar ke kira imuleta. Aikinta shi ne ta sa waya ta yi shigar Game Boy, ta riƙa fassara umarnin tsohon wasan. Masu Android sun daɗe da irinsu, kamar RetroArch da My Boy. Masu iPhone kuwa sun sha jira, domin sai a Afrilun 2024 kamfanin Apple ya sassauta ƙa'idarsa ya bar irin waɗannan manhajoji su shiga shagonsa. Cikin 'yan kwanaki wata mai suna Delta, ta Riley Testut, ta haye saman jerin waɗanda aka fi saukewa.

Abu na biyu shi ne na'urar karanta kaset. A 2015 wani kamfanin Amurka mai suna Hyperkin ya fitar da hoton wata na'ura, SmartBoy, a matsayin zolayar ranar ɗaya ga Afrilu. Da mutane suka nuna da gaske suke so, sai wasa ya zama gaske, ta fito kasuwa a 2017. Ana zura wayar Android a cikinta, ta rufe rabin allon na ƙasa da madannai irin na da, kaset kuma ya shiga ta baya. Sai dai a lura: wayar ba daga kaset ɗin take buga wasan kai tsaye ba. Na'urar kwafe abin da ke cikinsa take yi zuwa waya, sannan manhajar kwaikwayo ta ɗauka. Haka su GB Operator da GBxCart suke aiki, sai dai su an fi haɗa su da kwamfuta, a kwafe wasan, sannan a tura fayil ɗin zuwa waya. A riƙe wannan kalma ta "kwafi", domin a kanta duk rigimar shari'a take.

(KIƊA)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan buga tsofaffin kasa-kasan Game Boy a wayar hannu. Mun iso ɓangaren doka, kuma za mu raba shi gida uku.

Gida na farko, ita manhajar kwaikwayon. A nan maganar ta fi sauƙi. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sony da kamfanin Connectix, wanda ya ƙera manhajar buga wasannin PlayStation a kwamfuta. Kotun ta ce binciken yadda na'ura ke aiki domin a ƙera abin da zai yi aikinta bai saɓa wa doka ba. A kan wannan hukunci masu irin waɗannan manhajoji suke jingina har yau. Wani zai ce, ai an ji Nintendo ta rufe wata manhajar kwaikwayo mai suna Yuzu. Haka ne, a Maris ɗin 2024 masu Yuzu sun amince su biya dala miliyan 2.4 su kuma rufe. Amma Yuzu ta Nintendo Switch ce, wadda wasanninta ke kulle da makullin sirri, dokar Amurka ta 1998 kuma ta hana fasa irin wannan makulli. Kaset ɗin Game Boy ba shi da wannan kulli, a buɗe yake.

Gida na biyu, sauke wasa daga intanet. Nan kam babu kwana-kwana, satar fasaha ce. Tsufan wasa ba ya cire masa mai shi. A Amurka haƙƙin mallakar aikin kamfani yana ɗaukar shekara 95, ka ga wasan 1989 da sauransa. A 2018 Nintendo ta maka masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO a kotu, aka ƙare da yarjejeniyar sama da dala miliyan 12. A 2021 kotu ta ci mai shafin RomUniverse tarar dala miliyan 2.1. Akwai kuma wata magana da ke yawo, wai idan kana da kaset ɗin, ko idan za ka goge cikin awa 24, to ba laifi ka sauke. Wannan ba ya cikin doka. Gaskiya ne cewa masu rabawa kamfanoni suka fi bi, ba ɗaiɗaikun masu saukewa ba, amma rashin kama ɓarawo ba ya halatta sata. Mu nan mun san wannan ciwo, domin mun ga yadda kwafar faya-fayai da turin fina-finai a waya suka karya 'yan kasuwar Kannywood da dama. Najeriya ma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kuma shafi manhajojin kwamfuta da abin da ake rabawa ta intanet.

Gida na uku shi ne mai sarƙaƙiya: ka kwafe kaset ɗinka da hannunka, domin amfanin kanka. A nan kowace ƙasa da nata allon. Dokar Amurka ta ba mai manhajar kwamfuta damar ajiye kwafi saboda tsaro, masu wannan sha'awa kuma da ita suke kafa hujja. Nintendo ba ta yarda da wannan fassarar ba. A Birtaniya an halatta kwafi domin amfanin kai a 2014, amma babbar kotu ta soke wannan dama a 2015. Abin da ya tabbata shi ne, wannan hanya ta fi kowace nisa da zargi, muddin kaset ɗin naka ne, yana hannunka, kuma ba ka tura wa kowa fayil ɗin ba. Ranar da ka sayar da kaset ɗin, hujjar riƙe kwafin ta tafi da shi.

(KIƊA)

To, ko wahalar ta cancanta? Akwai dalili ɗaya mai ƙarfi. A cikin kasa-kasai da yawa, irin na Pokémon da Zelda, akwai ɗan batir mai kama da kwabo. Shi ke riƙe da inda ɗan wasa ya tsaya. Ranar da ya mutu, duk abin da aka tara ya tafi. Kasa-kasan Pokémon Gold da Silver sun fi saurin mutuwa, saboda akwai agogo a cikinsu da ke shan batir ɗin dare da rana. Abin takaicin ma, idan ka kai wa mai gyara ya cire tsohon batir domin ya liƙa sabo da dalma, a daidai lokacin da ya cire shi ajiyar za ta goge. Na'urar karanta kaset tana iya kwafe wannan ajiya kafin a taɓa batir, a mayar da ita bayan gyara. Ga wanda ya yi watanni yana tara dodannin Pokémon yana yaro, wannan kaɗai ya isa dalili.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin hanyar saye. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a sayar da su a lokacin. A Maris ɗin 2023 Nintendo ta rufe shagon intanet na na'urarta 3DS, inda ake sayen wasannin Game Boy da dama. Ta zuba wasu a tsarin biyan kuɗi na Switch, amma kaɗan ne daga cikin tulin da aka yi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Na'urar karanta kaset odarta ake yi daga waje, ga kuɗinta ga kuma kuɗin kawowa. Ba kowace waya ce ke karɓarta ba. Madannan da ake zanawa a kan gilashi ba sa kama yatsa, wasan tsalle-tsalle irin Mario yana wuya a kansu, sai an haɗa da abin riƙewa na Bluetooth. Sannan kasa-kasai da yawa da suka shigo kasuwanninmu jabu ne, irin masu wasa barkatai a kaset guda, kwafarsu kuma ba ta mayar da su halal. A kuma yi hattara da shafukan da ke tallan wasa kyauta, domin ta nan ƙwayoyin cutar waya ke shiga.

Saboda haka, masu sauraro, ga inda maganar ta tsaya. Manhajar kwaikwayo ba laifi ba ce. Sauke wasan da ba ka saya ba laifi ne, komai tsufansa. Kwafe kaset ɗinka domin kanka ya danganta da dokar ƙasar da kake, kuma shi ne mafi tsabta. Wanda ke da kaset a ajiye, ya ciro shi, ya goge haƙoransa da auduga da ɗan sifirit, ya bar hura masa iska domin danshin baki tsatsa yake jawowa, ya kuma ceci ajiyarsa tun batir bai mutu ba.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(KIƊAN RUFE SHIRI)