Me Za Mu Koyo Daga Raƙuman Dawan Nijar?

A taron kulob ɗinmu na makon jiya, an tambaye mu inda muke so a kai mu ziyarar ƙaro ilimi. Wasu suka ce gidan zu na Kano, wasu suka ce Yankari. Mu kuwa muka ce Jamhuriyar Nijar, wurin raƙuman dawa. Ga dalilinmu.

A da can, raƙumin dawa yana yawo tun daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi. Farauta da fari da saran itatuwa suka kusa ƙarar da shi. A shekarar 1996, irin na Afirka ta Yamma guda 49 kacal suka rage a duniya, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Yau sun haura 600.

Yaya aka yi? Ba a killace su da waya ba. A cikin gonakin mutane suke kiwo, suna cin ganyen gawo da sauran itatuwan ƙaya, wani lokaci har su yi ɓarnar wake. Gwamnati ta hana kashe su. Ƙungiyoyin kare namun daji kuma suka haƙa wa ƙauyukan rijiyoyi, suka ba mutane rancen jari, matasa suka samu aikin rakiyar baƙi. Da manomi ya ga amfanin dabbar, sai shi da kansa ya zama mai gadinta. A 2018 har an ɗebi guda takwas a mota zuwa gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, domin su hayayyafa a can.

Wannan darasin namu ne. Ku tambayi kakanninmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan, za su ba ku labarin barewa da zabin daji da suka sha gani a bayan gari. Mu a littafi muke ganin barewa. Har yanzu ana cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, ana sare gawo a yi gawayi.

Mun san tafiyar tana buƙatar kuɗi da takardu da izinin iyaye, ga kuma batun tsaron hanya. Muna roƙon shugaban makaranta ya duba mana. Kafin nan, mu ajiye danƙon harbin tsuntsaye, kowane aji kuma ya dasa gawo ɗaya a daminar bana, ya kula da shi.